YATSAN MAJEMI

SHAFI NA 27

Masu zagin Onarabul Dalhatu a ƙasan shafin jiya, duk na gan ku, har da baiwar Allahn da ta ce in sa mota ta buge shi kowa ya huta. Ku ɗan sha ruwa tukuna. Wanda kuma yau ya fara leƙowa, matso nan kusa, ba a bar ka a baya ba.

*

Jiniyar hutun rana ba ta kai ga kaɗawa ba Zuwaira ta sauke tukunyar shinkafa da wake, ta jera kwanuka a kan benci, ta cika buta uku da ruwan wanke hannu. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan sana'a a ƙofar wani kamfanin jimar fata da ke Challawa. Babu majemin da ke fitowa ta ƙofar nan da ba ta san cikinsa ba. Wane mai son yaji, wane mai son mai ya ji, wane in ba a sa masa ƙanzo ba bai ci abinci ba.

Tana cikin yanka albasa Uwani mai kunun aya ta faɗo rumfar Zuwaira ko sallama babu, waya a hannu, mayafi na jan ƙasa.

"Kin gani, ko sai na nuna miki?"

"Lafiya, Uwani?"

"Mutumin naki. Waliyyin naki. Ungo."

Zuwaira ta goge hannu a zani ta karɓi wayar. Hoton wata takarda ce, dishi-dishi, an ɗauke ta a karkace. Karatunta na boko a firamare ya tsaya, amma tana haɗa baƙi, don haka ta bi a hankali.

"Mu ma'aikatan jima tamanin da shida, mazauna bayan Challawa, mun janye ƙorafin da muka kai majalisa a kan ruwan dagwalon kamfani. An yi sulhu."

Ƙasa sunaye ne reras, kowane da dangwalen yatsa a gabansa. Can sama kuma, da manyan baƙaƙe: TA HANNUN ONARABUL DALHATU YA'U.

Ta sake karanta layin.

Wannan ƙorafi ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Ruwan da kamfanin ke saki ta bayan katanga, yau ja, gobe baƙi, jibi shuɗi, shi ya kashe lambun mahaifinta. Shi ya shiga rijiyar unguwarsu, har 'yarta Badi'a ta shekara biyu tana susar jiki tana kuka. An sha kai kuka, ba wanda ya saurara. Sai da majeman da kansu, waɗanda suka san inda kowane bututu ya nufa, suka dangwala yatsa a takarda suka ba Dalhatu, ɗan majalisarsu, ya kai majalisa. Ranar Alhamis ɗin nan kwamiti zai zauna a kai.

Shi kuwa Dalhatu nasu ne tun daga tushe. Shekara goma sha tara ya yi a sashen farar ƙasa, inda ake jiƙa fata gashi ya zube. A bencin nan ya ci abinci har ya zama shugaban ƙungiyar ma'aikata. Ranar zaɓe na'urar tantancewa ta ƙi karanta babban yatsansa, aka goga, aka hura, aka sake ɗorawa, ta ce ba ta san zancen ba, sai da fuska aka tantance shi. Farar ƙasa da kemikal sun cinye zanen yatsan tas. Mutanen layi suka yi ta dariya, ana cewa ga ɗan takarar da na'ura ba ta san shi ba. Shi ma ya yi dariyar, ya ɗaga yatsan sama ya ce, "Ku kun san shi ai."

Zuwaira ce ta bi gida-gida ta fito masa da mata. Kuma ba da bakin wasa ba.

"Kin dai tuna abin da kika ce a gidan sunan Safiya," in ji Uwani, tana karɓar wayarta.

"Na tuna."

"Maimaita min, ko na manta."

Zuwaira ta mayar da ido kan albasa. "Na ce in Dalhatu ya ci amanarmu, ku zo ku kifar min da tukunya a bakin titi, kada kowa ya ƙara cin abincina."

"Yawwa. To mata na nan suna ɗaura ɗamara. Ni na ce a bari ki sayar da na yau. Tun wancan lokacin na gaya miki, Zuwaira, ɗan siyasa ɗan siyasa ne. Ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ranar da ya hau mota mai baƙin gilashi ya gama da ke."

"An kira shi?"

"Kwana biyu wayarsa a kashe. Amma an ce bayan la'asar akwai taro a ofishin jam'iyya na Sharada. Ciyaman zai miƙa masa takardar a gaban jama'a, a ɗauki hoto."

Jiniya ta kaɗa. Majema suka fara fitowa, takalman roba na ƙwas-ƙwas, warin ɗanyar fata na biye da su. Kullum hayaniya suke cika rumfar da ita, yau kuwa kowa ya karɓi kwano ya sunkuyar da kai. Wani dattijo da ake kira Baffa ya dube ta ya ce, "Maman Badi'a, ni fa ga sunana a lamba ta uku, kuma wallahi ko a mafarki ban ga takardar nan ba." Na kusa da shi ya ce shi ma haka. Amma wa zai yarda da su? Takarda ta riga ta zaga gari, ga suna ga dangwale.

Mijinta Salisu shi ne ƙarshen fitowa. Ta ɗauki buta ta zuba masa ruwa kamar kullum. Hannun nan ta san shi fiye da nata: tafin ya yi kaushi, babban yatsan dama kuma da ɗan gibi a gefe, inda injin kankare fata ya yanke shi shekarar da aka haifi Badi'a. Wani ɗan shuɗi-shuɗi ya maƙale a gefen farcen.

"Har yau abin nan bai fita ba?"

"Shuɗin fata ne. Zai fita," ya faɗa, ya yarfe hannun.

Ba ta ja zancen ba. Ranar Asabar da ta wuce mutumin nan ya shigo gida da takardar zama ma'aikacin dindindin, bayan shekara goma sha huɗu yana irin aikin nan na yau a ɗauke ka gobe a ce je ka huta. Har rawa ta taka a tsakar gida. Shi ke nan farin cikin da ya rage mata a makon nan.

"Baban Badi'a, ka ga abin da Dalhatu ya yi mana?"

"Na gani."

"Zan je Sharadan."

Ya ajiye cokali. "Ki je ki yi me? Taron manya ne. Ki tattara kayanki ki tafi gida."

"Ni na tsaya masa. Ni na sa bakina. Sai ya kalli idona ya faɗa min."

"Zuwaira, ki bar maganar nan."

"Kai ba za ka ba?"

"Ina da aiki," ya ce, ya tashi ya bar rabin abincin.

*

Ana idar da la'asar adaidaita sahu ya sauke ta a Sharada, ita da Uwani, wadda ta ce ko da kuɗin motarta ne sai ta je ta ga ƙarshen waliyyi.

Ofishin jam'iyyar shago biyu ne aka fasa bango aka haɗe. Fararen kujerun roba, fanka ɗaya mai kuka, hotunan zaɓen da ya wuce duk rana ta kwashe musu launi. Majema sun cika shi har waje, wasu ko kayan aiki ba su cire ba. A gaban tebur Ciyaman Alhaji Idi ne zaune cikin babbar riga mai sitaci, turarensa na kokawa da warin fata. Gefensa Dalhatu, cikin wani yadi mai ruwan toka, ya sunkuyar da kai kamar mai zaman makoki.

Ganinsa haka ya ƙara tunzura ta. Ba ta jira an buɗe taro da addu'a ba.

"Dalhatu!"

Kowa ya juyo. Tun da aka rantsar da shi ba wanda ya sake kiran sunan nan gatsal.

"Ke baiwar Allah, Onarabul ne," in ji wani mai tsaron ƙofa.

"A bencina ya ci wake, Dalhatu na san shi. Dalhatu, ɗago ka dube ni. Ka ga jikin Badi'a da idonka ko ba ka gani ba? Ba kai ka ce mana ba za ka taɓa ɓoye mana takarda ba, komai aka rubuta da sunanmu sai mun gani? Mata nawa na fito maka da su cikin rana, da goyo, da tsohon ciki? Da me zan kalle su?"

Muryarta ta karye a ƙarshe, abin da ta tsana ke nan.

Dalhatu ya ɗago. Idonsa ya yi ja, na wanda bai yi barci ba.

"Maman Badi'a, na ji. Duk abin da kika faɗa kina da hakki. Ki ba ni minti goma. In ban wanke ki ba, ni zan fara kama kunnen tukunyar."

Ashe har labarin tukunya ya je masa. Baffa ya tashi ya ba ta kujerarsa, ta zauna tana huci.

Ciyaman ya gyara murya. Mutum ne mai iya magana, a ba shi wannan. Ya ce jam'iyya uwa ce, ba ta raba 'ya'yanta. Ya ce masu kamfanin nan sun tsaya wa jam'iyya lokacin kamfe, kuma su ke ciyar da gidaje ɗaruruwa. In aka matsa musu suka rufe, wa zai ɗauki majema? Ya ce alhamdu lillahi ma'aikata sun yi hankali sun janye da kansu, abin da ya rage Onarabul ya kai takarda majalisa kafin Alhamis a rufe babi. Ya ƙara da cewa zaɓen fid da gwani ya kusa, kuma jam'iyya ba ta manta ɗa mai biyayya.

Sai ya zaro takardar daga ambulan, ya miƙa da hannu biyu, mai ɗaukar hoto ya gyara tsayuwa.

Dalhatu ya karɓa. Bai kalli mai hoto ba. Ya shimfiɗa ta a tebur, shafi uku, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. A shafi na biyu ya ɗan tsaya. Zuwaira na kallonsa, ta ga muƙamuƙinsa ya motsa. Ya ɗora babban yatsan hagunsa a kan wani layi, ya danne, ya bar shi a nan.

"Ranka ya daɗe, wannan ce ta asali? Ba kwafi ba?"

"Ita ce."

"Alhamdu lillahi. Kwana biyu ita nake jira. Ta waya ba ta nuna abin da nake son gani, kuma na san da na buɗe baki kafin yau, ba zan taɓa riƙe ta a hannuna ba." Ya juya wajen sakatare. "A taimaka min da tawadar hatimi da farar takarda."

Ciyaman ya ɗan yamutsa fuska. "Sa hannu kawai za ka yi, ba dangwale ba."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Aka kawo shuɗiyar tawada da takardar. Da hannun dama ya danna yatsa a tawada, ya dangwala a farar takardar, ya ɗaga ta sama.

"Jama'a, me kuka gani?"

Wani daga baya ya ce, "Ba komai. Dunƙule ne kawai."

"Akwai zane?"

"Babu!"

"Baffa, bismilla. Shekararka nawa a jima?"

"Ashirin da shida."

Baffa ya taso ya dangwala. Dunƙulen tawada sumul, kamar an ɗiga miya a tabarma. Dalhatu ya kira wani, ya kira wani. Kafin a ankara layi ya miƙe har ƙofa, kowa na miƙo yatsa. Farar takarda ta cika da tabo, ba ko ɗaya mai zanen kirki. Wani rabi ya goge, wani duka, wani sai tsagar kaushi ta ratsa shi.

Zuwaira ta miƙe tsaye ba ta sani ba. Ita da ke zuba wa hannayen nan ruwa kullum, ya aka yi ba ta kawo wannan ba?

Dalhatu ya ɗaga shafin farko na takardar Ciyaman da hannun dama, ya haɗa da farar takardar gefe da gefe.

"To ku dubi na Baffa a nan, lamba ta uku. Ku matso, ku ɗauka a waya, ku buɗa shi da kyau."

Wayoyi suka yi sama. Wani saurayi ya ware hoton da yatsu biyu ya kwashe da dariya.

"Kai! Baffa, ashe yatsan amarya gare ka!"

Zane ne rangaɗau, layi bayan layi, zagaye cikin zagaye, ko ɗaya bai katse ba. Na lamba ta huɗu haka, ta biyar haka, har ƙasan shafi. Yatsun mutanen da ba su taɓa tsoma hannu a farar ƙasa ba, balle su ja jiƙaƙƙiyar fatar shanu daga durom ɗin jima ba safar hannu.

"Ranka ya daɗe," in ji Dalhatu, muryarsa ƙasa-ƙasa, "duk wanda ya haɗa takardar nan ya yi ƙoƙari. Ya samo sunaye daidai, ya samo lambar katin aiki daidai. Abu ɗaya ya manta. Bai taɓa gaisawa da majemi ya riƙe hannunsa ba."

Ofishin ya ɗauki kabbara. Baffa ya rufe fuska da hula yana kuka. Uwani ta dafe ƙirji tana faɗin, "Na shiga uku, na ci naman bawan Allah ɗanye."

Zuwaira kuwa hawaye ne kawai ke zuba, ba ta ko share ba. Ba ta yi ƙarya ba. Ba ta kai mata rana a banza ba. Mutumin nan ya yarda a zage shi kwana biyu, a zagi iyayensa a waya, don kawai takarda ta shigo hannunsa a gaban shaidu. Wallahi ko a cikin masu rawani samun irinsa sai an tona.

Ciyaman ya daki tebur.

"Dalhatu! Ka san a inda kake? Wa ya ɗauko ka daga cikin wari ya sa maka hula? Jam'iyyar nan ce!"

"Jam'iyya ta ba ni tuta, ranka ya daɗe, ban musa ba, kuma na gode. Waɗannan suka ba ni ƙuri'a. Ba mu ce a rufe kamfani ba, a nan muke ci. Injin tace ruwa yana nan a bayan sashenmu, da hannuna na taya kafa shi. Cewa muka yi a kunna shi. Shi ke nan fa."

"To ka ji da kyau. In takardar nan ba ta je majalisa ba, tikiti ya wuce ka. Ko kansila ba za ka sake yi ba a jam'iyyar nan."

"Za ta je," in ji Dalhatu. "Ni zan kai ta da kaina. Tare da wannan." Ya ɗaga farar takarda mai tabo. "Tikiti kuma naku ne. Takalmin robana na nan a gida, ban kyautar ba."

Aka sake ɗaukar sowa. Ciyaman ya bari ta lafa. Ya jingina da kujera, ya gyara hannun riga, sai ga murmushi a fuskarsa, irin wanda ba ya kai wa ido.

"Madalla da gwani. To ni takarda aka kawo min, ban san wa ya dangwala wa wa ba. Amma wanda ya kawo sunayen nan da lambobin kati, ba daga sama ya faɗo ba. Naku ne. Kuma shi a gabana ya dangwala nasa, da yatsansa na gaskiya." Ya nuna tebur da haɓa. "Onarabul mai gaskiya, tun ɗazu na ga hannun hagunka bai motsa ba. Ɗaga yatsanka daga lamba ta arba'in da ɗaya mana."

Sai a lokacin kowa ya lura. Duk abin nan da ake yi, da hannu ɗaya Dalhatu ke yi. Babban yatsan hagunsa na nan danne a shafi na biyu, har farcen ya yi fari.

Murna ta koma ciki. Aka fara kallon-kallo.

"Waye?"

"Wane munafukin ne a cikinmu?"

"A faɗe shi!"

"Ba shi na zo tonawa ba," in ji Dalhatu da ƙarfi. "Ku saurare ni. Na san yadda ake kiran mutum ofis a rufe ƙofa. Na san abin da ake ajiye masa a tebur, na san abin da ake ce masa zai rasa. Ni ma an kira ni, ba sau ɗaya ba. Wanda ya matse shi shi ne abokin faɗanmu. Ku bar min wannan, zan same shi ni da shi."

"Kun ji ko?" Ciyaman ya buɗe hannuwa yana kallon jama'a. "Ga mai cewa ba ya ɓoye muku komai. Yau ga shi yana ɓoye muku a gabanku. Duk ɗaya muke, jama'a, hula ce kawai ta bambanta."

Maganar ta shiga. Zuwaira ta ji yadda ta shiga, don guna-guni ya tashi ta ko'ina. Ranta ya ɓaci. Yanzu-yanzu aka wanke mutumin nan tas, kuma za a sake shafa masa baƙi saboda wani maci amana? Ta ture kujera ta isa gaban tebur.

"Onarabul, ɗaga yatsanka."

"Maman Badi'a, ki bari."

"Ba zan bari ba. Wanda ya sayar da rijiyarmu, ya sayar da jikin 'yata, shi za ka rufa wa asiri? Wallahi ko waye, ya gama cin abincina. Da bakina zan tsaya a ƙofar kamfani in kira sunansa safe da rana har ya bar garin nan!"

"Haka ne!" Uwani ta amsa daga baya. "Faɗa masa, Zuwaira!"

"Don Allah ki janye rantsuwar nan," in ji Dalhatu a hankali.

"Kai ka yi mana alkawari. A rumfata ka yi shi, hannunka cikin kwano. Ka ce duk takardar da aka rubuta da sunanmu sai mun gani. Ko yau za ka fara karyawa?"

Ya dube ta, ya dubi jama'a, ya dubi Ciyaman da ke ta kaɗa ƙafa. Mutumin da bai girgiza ba da aka ce an ƙwace masa kujera, yanzu gumi ne ke tsattsafo masa a goshi.

"Ban taɓa karya muku alkawari ba," ya ce. "Ba kuma zan fara yau ba. Amma ke kaɗai zan nuna wa. Ke kika tsaya min, ke jama'ar nan suka yarda da ke. In kin gani, abin da kika ce a yi, shi za a yi."

"Mun yarda!" aka amsa. "A nuna wa Maman Badi'a!"

Ta sunkuya a kan tebur. Dalhatu ya kare takardar da kafaɗarsa, ya zame yatsan a hankali.

Dangwalen ta fara gani. A cikin shafi guda na kyawawan zane, shi kaɗai ne dunƙule, sumul, na majemin gaske. A gefensa na dama akwai ɗan gibi inda tawada ba ta taɓa takarda ba.

Ta san gibin nan. Ɗazu da rana ta zuba masa ruwa.

Ba ta so ta karanta sunan ba, idonta ne ya karanta da kansa.

41. Salisu Ado.

Shuɗin gefen farce. Takardar dindindin. Rawar da ta taka a tsakar gida ranar Asabar, Badi'a na tafa mata da hannuwan nan masu ƙuraje.

Dalhatu ya mayar da yatsansa ya rufe layin, ya ce yadda ita kaɗai za ta ji, "Na so in raba ki da wannan. Ki yafe ni."

Ta ɗago da ƙyar. Fuskoki sun fi ɗari, duk ita suke kallo, wayoyi a sama. Can bakin ƙofa, bayan kowa, ga wanda ya ce mata yana da aiki, tsaye cikin takalmin roba, hannun damansa cuse a aljihu.

Idonsu ya haɗu.

"Zuwaira!" Uwani ta ɗaga murya. "Kin gani ai. Waye?"